Jijiyar da Ta Tsage a Zauren Gidanmu

Masu bibiyata, na ga saƙonninku duka. Wata baiwar Allah ma vokal ta turo min, saƙon murya na minti huɗu, tana faɗa, wai na bar ku a rataye kwana goma sha biyar. Ku yafe ni, ba jan aji ba ne. Abin da ya faru a gidanmu ne ya ƙi rubutuwa sai da hankalina ya komo jikina. Yau ya komo, kuma da murmushina nake danna wayar nan.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Ummul Khairi, a gida Ummu. Shekarata ashirin da shida, haihuwar Birni a nan Damagaram. Infirmiya ce ni, wato ma'aikaciyar jinya, shekara uku ina aiki a urjans, inda ake kawo marasa lafiyar da ba sa jira. Mai nemana Abdulmumin ne, ɗan Alhaji Mai Nasara mai manyan motocin da ke kai kaya Agadas. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, in ya yi dariya sai kin taya shi ko ba ki ji abin dariyar ba. Ina son sa, ban taɓa ɓoye muku ba. Manya sun shiga, an sa rana bayan babbar salla. Sai ni da bakina na ce a dakata.

Kun yi ta tambayata dalili ina kaucewa. Yau zan faɗa, don mai sirrin da kansa ya ce in rubuta.

Na daɗe ina ganin alamu ina ƙaryata idona. Murar da ba ta warkewa. Haɓo ba gaira ba dalili. Yau ya yi ta surutu kamar rediyo, gobe in kira sau goma yana barci. Wata Juma'a ya zo ɗaukata daga aiki, na fito da wuri, na tarar da motarsa a gindin dogon yaro. Na buɗe ƙofa ban ƙwanƙwasa ba. Wayarsa na kan cinyarsa, an ja farin gari layi biyu a kan gilashinta, ga guntun bututun shan lemo a hannunsa.

"Abdul, hodar ibilis ce?"

Bai iya kallona ba. "Don hanya ce kawai, Ummu. Kin san tafiyar Agadas, sai mutum ya kwana biyu bai runtsa ba."

"Yau wace Agadas ɗin za ka?"

Sai ya kama roƙo. "Ki rufa min asiri. In Alhaji ya ji, ban san inda zan sa kaina ba."

Na ce, "Ba wanda zai ji a bakina. Amma ba zan shiga gidanka da wannan abin a hancinka ba. Ka bari, mu je ka ga likita, sannan a yi maganar biki."

Ku zo ku ga gidanmu bayan na ce a ɗaga rana. Inna ta daina amsa gaisuwata sai da ka. Baba, Malam Habu baduku, dama ba mai yawan magana ba ne, sai ya ƙara nutsewa cikin fatunsa, ya fita da sassafe ya dawo da magariba. Gwaggo Kande kuwa, yayar Baba, tun daga Gaffati ta ɗauro ƙullin kayanta ta tare a ɗakin Inna, ta ce ba inda za ta sai ta ga ƙarshen taurin kaina.

"Ke wace ce?" in ji ta, tana tauna goro tana nuna ni da yatsa. "Sa'o'inki na goye da na uku. An samu ɗan mutunci, ɗan gidan Mai Nasara, kin tsaya kina mana ilimi. Farar rigar nan ce ta lalata ki. Mace ta wuni tana taɓa jikin maza, ina za ta ga namiji da daraja?"

"Gwaggo, ina da dalili."

"Faɗe shi!"

"Ba zan iya ba."

"To babu shi."

Sati uku muka yi a haka, ina cin tuwo kamar ina haɗiyar tsakuwa. Abdul kuma mesaj ɗinsa sai shigowa suke a wayata. "Na bari wallahi." "Kwana uku ban taɓa ba." "Ummu ki ɗaga waya mana." Amsata ɗaya ce kullum: "Yaushe za mu ga likita?" Sai ya turo min hoton zuciya.

Ranar Asabar bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke blus ɗina, farar rigar aikin, da ɗan ruwan da ya rage a bido, jarkarmu ta ruwa, sai ga Balki ƙanwar Abdul ta yi sallama. Ta sha lafaya ruwan zuma, ƙamshin humrarta ya riga ta shigowa. Ta dire kwanon alkaki a gaban Inna, ta ce Yaya na zaure, don Allah in fito ko na minti biyar. Gwaggo ta watso min harara. Na zura hijabi a kan atamfar zaman gida, ko kwalli ban sa ba.

Yana zaune a kan tabarma cikin farar shadda, ya rame. Yana ɗago kai na ga ƙwayar idonsa ta buɗe, baƙa wuluk, ga gumi a goshinsa, alhali zaurenmu na ƙasa ne, ko a bazara sanyi gare shi.

"Ka sha yau."

"Kaɗan. Don in iya yi miki magana."

"Yaushe?"

"Yanzun nan, da Balki ta shiga kiranki."

Na juya zan koma. Ya zabura ya miƙe. "Ummu, tsaya ki ji..."

Bai ƙarasa ba. Wata ƙara ya saki wadda ban taɓa jin namiji ya yi irinta ba. Ya dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben bayansa tsakanin kafaɗu, ya durƙushe.

"Ana yaga ni! Ummu, wani abu ya yage a cikina, yana bin bayana!"

Nan da nan zaure ya cika. Balki na ihu, Inna na salati. Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Kin gani ko? Kin fasa masa zuciya! A kawo ruwa! Ku tayar da shi, a kira malam!"

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji muryata ta koma wadda nake aiki da ita a urjans.

"Kar wanda ya ba shi ruwa. Kar wanda ya tayar da shi tsaye. Balki, ɗakin Baba, kan taga, ɗauko min abin awon tansiyo. Gwaggo, ku matsa ku ba shi iska."

"Ni kike..."

"Ku matsa!"

Wallahi ta matsa.

Na naɗa masa abin awon hawan jinin a hannun dama. Ashirin da biyu. Lafiyayyen mutum sha biyu ne ko sha uku. Na riƙe wuyan hannunsa na hagu don in lallashe shi, sai na ji bugun jinin can ƙasa-ƙasa, da ƙyar nake jin sa. Na kwance abin awon na mayar hagu. Sha biyar. Na sake. Sha biyar.

Sau ɗaya na taɓa ganin haka, lokacin ina sitaj, ina koyon aiki, a jikin wani dattijo da aka kawo daga Droum, kuma bai kai magariba ba. A ranar ne likitan da ke koya mana ya ce mu riƙe abu uku: ciwon da ya zo farat ɗaya kamar yaga, ya bi baya, sannan awon hannu biyu ya saɓa. In kun ga haka, ku tuna da babbar jijiya.

Allah ya sa Yaya Faruk, wana, ya shigo da motonsa mai taya biyu a daidai lokacin. Muka ɗauki Abdul a kan tabarmar yadda yake, muka kwantar da shi a bayan motar da shi Abdul ɗin ya zo da ita. Na ce, "Yaya, ka yi sauri, amma kar ka faɗa rami ko ɗaya." Ina riƙe da kansa a cinyata na kira urjans na ce su shirya gado. Balki na gaba tana kuka tana kiran Alhaji.

Doktor Fanta ce ke gardi, wato ita ke kan aiki a ranar, ƴar gajeruwar Babarbariya da ba a jin ɗaga muryarta. Aka jona masa wayoyin awon zuciya, takarda ta fito. Kafin nan Alhaji ya iso cikin babbar riga, ya tsaya a kan ɗansa, ya ce ba mai fitar da shi. Doktor ta duba takardar ta ce, "Ya yi kama da toshewar jijiyar zuciya. A shirya allurar tsinka jini."

Ku fahimce ni, ba kuskure ta yi ba. Mutum goma in suka zo da ciwon ƙirji da irin wannan takarda, allurar nan ce ke ceton mafi yawansu. Amma in jijiya tsagewa ta yi, tsinka jini kamar buɗe famfo ne.

"Doktor," na ce, "hannunsa biyu ba su daidaita ba. Dama ashirin da biyu, hagu sha biyar. Kuma ciwon bayansa ya bi."

Ta tsaya cak. Ta karɓi abin awo ta gwada da kanta. "Shekararsa nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Ya yi ƙuruciya da wannan ciwon. Dama yana da tansiyo? Ya sha wani abu?"

Alhaji ne ya amsa. "Ɗana ko taba ba ya sha. Ku yi masa allura ku bar tambaye-tambaye, yaro na mutuwa!"

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Na yi alkawari. Sati uku ana zagina ban karya shi ba. Ga ubansa a tsaye, mutumin da duk unguwar Zango ke tashi in ya wuce. Ga abokiyar aikina can ta riga ta zuƙi allura. Na sunkuya daidai kunnen Abdul na ce, "Ko ka faɗa ko in faɗa. Ka tsane ni daga baya, amma kana numfashi."

Ya runtse ido, hawaye na bin gefen fuskarsa.

Na matsa kusa da Doktor na faɗa da faransanci, ƙasa-ƙasa: koken ce, hodar nan, ta hanci, bai kai minti arba'in ba, kuma ya daɗe yana sha. Na manta Alhaji ya shekara talatin yana faransanci da ma'aikatan gwamnati a kan hanya. Kuma kalmar nan ko da wane harshe aka faɗe ta, ita ce dai.

"Me kika ce?" Ya juyo gaba ɗaya. "Kin ƙi ɗana, bai ishe ki ba, sai kin ɓata masa suna yana kwance rai a hannun Allah? Ke ƴar gidan wa..."

"Alhaji." Muryar Abdul ce, siririya kamar ta yaro. "Gaskiya ta faɗa. Da idonta ta kama ni. Shi ya sa ta ce a ɗaga. Ni ta rufa wa asiri ake zaginta."

Alhaji ya ja da baya har sai da bango ya tare shi.

Doktor Fanta ba ta dubi kowa ba. "A ajiye allurar can. Maganin ciwo tukuna, sannan mu sauke bugun zuciya da tansiyo a hankali. Ku lura, ba kowane magani ke tafiya da hodar nan ba, wanda na rubuta shi za ku sa. A kira sikane, a ɗauki hoton ƙirjinsa yanzu."

Ni na tura gadon da hannuna. Minti ashirin da muka yi muna jiran hoto sun fi min shekara.

Da ya fito, Doktor ta kira Alhaji gaban allon, ta ce ni ma in tsaya. Ta nuna wani da'ira da wani siririn layi ya raba biyu.

"Alhaji, wannan ita ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta raba wa jiki duka. Kaurinta kamar tiyon ban-ruwa. Bangonta hawa uku ne. Hodar nan in ta shiga jiki tana matse jijiyoyi, ta harba tansiyo sama lokaci guda, zuciya ta dinga dukan bangon da ƙarfi. Yau hawan ciki ya tsage, jini ya kutsa tsakani yana ɓare shi. Shi ne yagar da ya ji. Hawa ɗaya ya rage, siriri. Da an tsinka masa jini a kan wannan..." Ta girgiza kai.

"Zai tashi?" in ji Alhaji.

"Allah ya sa tsagar ta ɓangaren da ya gangara baya ce, ba ta kusa da zuciya ba. In muka riƙe tansiyonsa a ƙasa, akwai fata. In ya daidaita ku kai shi Yamai wurin likitocin jijiya." Ta kashe allon. "Ku gode wa Allah. Sannan ku gode wa wadda ta auna hannu biyu, ta kuma buɗe bakinta."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. A nan ne kukan ya zo.

Majo, shugabarmu a wurin aiki, ta cire ni daga cikin masu kula da shi, kuma daidai ta yi, sai dai in leƙa in na tashi aiki. Kwana ukun farko sun yi wuya. Jikinsa na neman abin, yana kuka, yana cewa a bar shi ya mutu. Rana ta huɗu tansiyo ya zauna a sha ɗaya bai motsa ba. Rana ta tara na same shi a zaune yana shan kunu da cokali, Balki na masa fifita. Ya dube ni ya yi dariyar nan tasa, wushirya a waje.

"Madam infirmiya. An ce kin tsawata wa Gwaggo."

"Kai ma kana layi."

Sai ya daina dariya. "Ki rubuta, Ummu. Duka, da sunana. Akwai irina da yawa a kan hanyar nan, kowa na cewa don barci ne kawai."

Ranar Alhamis da hantsi Alhaji Mai Nasara ya zo gidanmu. A bakin lungu ya bar mota ya tako da ƙafa, shi kaɗai. Ya zauna a zauren nan dai, ya ce wa Baba a kira mata duka, har Gwaggo. Na fito cikin doguwar riga ruwan toka na raɓe a bayan Inna.

"Malam Habu," ya ce, "na zo neman gafarar ƴarka a gabanka. Na yi mata magana mara daɗi a asibiti. Ɗana hoda yake sha, ni da nake ubansa ban sani ba. Ita ta sani, ta ƙi auren, ta kuma ƙi tona shi, sai ranar da tonon ne zai cece shi. Da ba don ita ba, da yau ina karɓar gaisuwar mutuwa."

Inna ta juyo ta dube ni. Gwaggo ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane.

"Maganar aure kuma," Alhaji ya ci gaba, "ba ni da bakin roƙo. Abin da ta ce shi za a yi."

Baba ya ɗago ya dube ni. Sannan ya yi abin da tunda nake bai taɓa yi ba a gaban mutane. Ya ce, "Ummu, me kike so?"

Na ce, "Baba, ina son sa. Amma shekara ɗaya nake so. Ya je Yamai, ya bi magani, ya ga likitan masu barin shaye-shaye, a dinga gwada shi. Ya bar tafiyar hanya. In shekara ta cika yana tsaye a kan haka, ku sa rana. Kuma aikina ba zan ajiye ba, ko kafin ko bayan."

"An yi," in ji Alhaji, tun Baba bai buɗe baki ba.

Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Sau uku ya faɗa.

Da yamma na fito na tarar Inna ta hura gawayi tana goge min blus da kanta, tana bin wuyan rigar a hankali kamar kayan salla. Gwaggo kuwa tana ƙofar gida ta tara maƙwabta. Ina jin ta daga ciki: "Ai ƴarmu likita ce. Hannu kawai ta riƙe ta gane abin da ke cikin mutum. Ni na ce a ba ta wuri!" Har yau mata na sallama da sassafe, kowa da hannunta a miƙe, Gwaggo na tsara musu layi.

Jiya aka wuce da Abdul Yamai. Daga hanya ya turo min: "Kwana goma sha huɗu cif. Wannan karon ba ƙarya." Na amsa masa: "Saura ɗari uku da hamsin da ɗaya. Ina nan."

Yau da safe na gama shiri, na rataya jaka zan fita aiki, sai aka turo ƙofar ɗakina. Yaya Faruk ne. Shi ne ke raka Abdul Agadas in tafiya ta kama, abokai ne tun lakkol, tun suna ƴan makaranta. Ya mayar da ƙofar ya rufe, ya jingina da ita. Ya ja hanci sau biyu. Sannan ya fara naɗe hannun rigarsa, na dama, ya koma na hagu.

"Ummu," ya ce, bai ɗago ba. "Auna ni. Duka biyun."

Na ajiye jakar a kan gado. Na jawo kujera da ƙafata.

"Zauna, Yaya. Yaushe ka fara?"